Amm Bakur da Shaidunsa

Ina tsaye a bakin ƙofar makarantar yara a unguwar Safa ta Jidda, ina jiran a tashe su, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Amira ƙanwar mijina, na ɗauka da shirin yi mata tsiya, don ta yi mini alkawarin zuwa ta shanya ni. Ban samu na buɗe baki ba. Ta ce, "Abla, Abuya halas," sai kuka ya ci ƙarfinta. Amira haifaffiyar Jidda ce, Hausarta ba ta da yawa, amma na gane mahaifinsu ya rasu. Na jingina da bangon makarantar ina cewa daga Allah muke gare Shi za mu koma, ina maimaitawa, har wata Balarabiya da ban sani ba ta riƙe mini hannu. Daga baya na ji yadda aka yi. Ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo ya zauna ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya cika.

Surukina ne, mahaifin mijina Usman. Mutanen gari Amm Bakur suke ce masa, jikoki su ce Sidi, ni kuwa Baba nake cewa, kuma tun da aka kawo ni gidan daga Zariya ban taɓa kama sunansa ba sai yau da rubutu ya tilasta ni. Kakarsa ce ta taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ta ratsa Sudan, ta hayo teku, ta sauke farali, ba ta koma ba. A Jidda aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi, a nan aka kai shi makwancinsa. Masu ta'aziyya sun faɗi alherinsa da yawa, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Baba ya bar duniya da wani rubutu a kan sunansa, a wurin da kowa ke iya gani, rubutun da ke cewa shi mayaudari ne. Abin yana ci mini rai, kuma ina so a san yadda aka yi.

Sana'arsa bin takardu. A nan ana kiran mai wannan aiki mu'aƙƙib: ka ba shi takardarka, ya shiga ofis ya fita ofis har ta fito. Amma abin da aka fi saninsa da shi ba sana'a ba ce. A tsohuwar unguwarmu, in za a je gaban umda, wato mai unguwa, a tabbatar wane ɗan wane ne, ko za a ɗaura aure, ko an yi rasuwa ana neman wanda ya san magada, Amm Bakur ake nema ya tsaya shaida. In ya san maganar, ko tsakar rana ce zai sa farar rigarsa ya bi ka. In bai sani ba, ko kuka za ka yi ba zai motsa ba. Yakan ce mini, "Ya binti," wato 'yata, "ba a bar mini gida ba, ba a bar mini shago ba. Suna aka bar mini." Ɗan baffansa ya taɓa roƙonsa ya shaida cewa a unguwar aka haifi wani ɗansa, kuma kowa ya san a nan aka haife shi. Baba ya ce shekarar yana aiki a Madina, bai gani ba, a nemi wanda ya gani. Sun daɗe ba sa ga maciji da juna a kan wannan.

Yana da wata hanya ta shiga ofis da 'ya'yansa ke yi masa dariya a kai. Ba ya miƙa takarda sai ya gai da ma'aikacin, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi ƙafar mahaifinsa da aka ce tana ciwo. A ganinsa babu ofishin da babu mutum a ciki, kuma babu mutumin da ba a iya gaisarwa. Ni ma haka ya karɓe ni. Na zo ban iya ko sayen tumatir da Larabci ba, dangin miji suna yi mini kallon baƙauya, shi ne ya riƙa aiko mini da tsire a takarda yana cewa a kai wa baƙuwar Zazzau kada ta gudu.

Da aka rushe tsohuwar unguwar, aka watse. Mu muka samu gida a Safa. Baba da Umma, wato surukata, da Amira suka koma wani bene a Waziriyya. Wasu suka yi Makka, wasu har yau ba mu san inda suka sauka ba. Baba bai yi kukan ɗakinsa ba. Abin da ya dame shi wani tsohon gida ne da ke tsakiyar unguwar, mai fili a ciki da ɗakuna kewaye, irin wanda a nan ake kira hosh. Hoshin Inna Kulu ake ce masa, da sunan kakar tasa. Gidan ya daɗe da fita daga hannun iyali, amma sunan ya zauna. A nan matafiyan ƙafa ke sauka a zamanin da. Al'adar gidan ita ce ba a tambayar baƙo komai sai ya ci ya ƙoshi, sannan a tambaye shi garinsu, a aika a kira ɗan garinsu da ya riga shi zuwa ya karɓe shi. Yanzu wurin fili ne fetal, ranar da Usman ya kai shi ko inda ƙofar take bai iya nunawa ba.

A cikin wannan hali wata ƙawata ta Zariya ta ba ni labarin kundin sanin nan na intanet, wanda mutane ke rubutawa don sa kai. Ta ce akwai na Hausa, kuma ana neman masu rubutu ruwa a jallo. Na faɗa wa Usman a gaban Baba. Baba ya tambaya ko da gaske kowa da kowa ke iya rubutawa, aka ce masa e. Ya ce, "Ba iƙama, ba kafili?" Aka ce babu, ba a neman takardar zama ko mai tsaya maka. Sai ya ce to yalla, a rubuta Hoshin Inna Kulu tun masu tunawa suna da rai.

Haka muka fara, da hantsi, in yara sun tafi makaranta. Shi da harufan Larabci kaɗai yake karatu, don haka shi ke faɗa ni ke bugawa. Wanda ya san zaman suruki da suruka zai gane yadda abin yake: shi can ƙarshen darduma, ni nan bakin ƙofa da kwamfuta a kan matashi, Umma a tsakiya tana zuba shahi tana gyara masa labari, yana cewa ba haka aka yi ba, tana cewa ai tana wurin. Na ba shi shawarar ya zaɓi laƙabi kamar yadda na ga kowa na yi. Ya ƙi. Ya ce bai ga dalilin da mutum zai faɗi gaskiya ya ɓoye sunansa ba, a buɗe asusun da cikakken sunansa da na mahaifinsa. Aka buɗe, ni ma na buɗe nawa.

Kafin shahin Umma ya huce an goge rubutunmu na farko. Aka bar mana saƙo cewa babu madogara. Baba ya tambaya wa ya goge, ɗan wane ne, mutumin ina ne. Na ce sunan da na gani harufa ne da lambobi. Ya ce ba komai, a gaishe shi tukuna. Ya sa na rubuta gaisuwa cikakkiya, da tambayar iyali da aiki da gajiya, sannan ya nemi a yi masa bayani a matsayinsa na baƙo. Ba a amsa ba. Sai daga baya na gane cewa saƙon ma ba mutum ya aiko shi ba, ashe lafiyar iyalin na'ura Baba ya tambaya. Na shiga karanta ƙa'idojin. Ni malamar makaranta ce kafin aure, ba na tsoron karatu, amma kowace ƙa'ida sai ta tura ka wata, waccan ta tura ka wata da Turanci, har kaina ya ɗauki zafi. Abin da na iya tsinta shi ne ba a karɓar abin da mutum ya gani da idonsa, sai abin da wani ya riga ya buga a littafi ko jarida.

Wannan bai karya masa gwiwa ba, don neman takarda aikinsa ne. Ya riƙa shiga tasi zuwa Balad, tsohon garin Jidda, ya bi shagunan tsofaffin littattafai da sandarsa, a cikin zafin nan na Jidda mai jiƙa riga. Ya dawo da wani littafin Larabci da ya yi 'yan layuka kan masaukin mahajjatan Afirka, da tsohuwar mujalla da ta ambaci hoshin wata mata ba tare da ta kama suna ba. Ya ajiye su a gabana ya ce, "Wanda ya san mu bai rubuta ba, wanda ya rubuta bai san mu ba. Sa abin da aka samu." Muka sake rubutawa muka jingina da su, wannan karon shafin ya tsaya. Baba ya sa Usman ya buɗe masa shi a waya, ya riƙa nuna wa mutane a ƙofar masallaci, shi da ba ya iya karanta ko layi ɗaya a ciki.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani ya zo ya cire kalmar hosh ya sa gidan haya. Baba ya ce Inna Kulu ba ta taɓa karɓar haya a hannun baƙo ba, a mayar. Na mayar, aka sake cirewa, na sake mayarwa, sai ga gargaɗi wai ina jayayya. Ni da aka san ni da baki, ranar na rasa wanda zan yi wa faɗa, don babu fuska. Bayan haka aka liƙa sanarwa a saman shafin cewa ana shawarar goge shi, wai gidan bai shahara ba, kuma an buɗe wuri na 'yan kwanaki domin duk mai magana ya zo ya faɗi tasa. Na karanta masa ina jin haushi. Da na ɗago sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Tayyib. Yanzu an zo inda na sani. Shaidu suke nema."

Ba wanda ya ce masa ba haka ba ne, don mu ma haka muka fahimta. An ce ba a san gidan ba, an ce mai magana ya zo, to me ya rage in ba a kawo waɗanda suka sani ba? Baba ya zauna da wayarsa ya bi mutanen tsohuwar unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a bayan la'asar benen nan na Waziriyya ya cika har matakala, maza a falo, mata a ɗakin Umma. Mutanen da ba su ga juna ba tun watsewa suka rungumi juna. Ga Amm Haruna, tsohon direban tasi, abokin Baba tun ƙuruciya. Ga Hajiya Sa'adiyya, 'yar Hausawan Sudan, wadda aka hawo da ita a kan kujera saboda ciwon ƙafa. Amira ta riƙa karanta lambar sirrin intanet ɗin gidan da ƙarfi don masu waya su shiga. Waɗanda ba su iya ba, ni na buɗe musu asusu a kwamfutata, kowa da sunansa na gaskiya, na rubuta abin da ya faɗa.

Baba ya tafiyar da zaman yadda ake yi a gaban umda. Kowa abin da ya gani da idonsa zai faɗa, ya fara da cewa na shaida. Wani dattijo ya soma da cewa mahaifinsa ya gaya masa, Baba ya ɗaga hannu ya ce shi ji ya yi, ya zauna ya sha shahi. Hajiya Sa'adiyya ta ce in rubuta cewa ta sauka a gidan tana yarinya tare da mahaifiyarta, ƙafafunta a kumbure, Inna Kulu da hannunta ta gasa mata su da ruwan zafi. Ta faɗa tana kuka ana taya ta, can kuma Amm Haruna ya tuno yadda suke satar dabino a gidan, aka fashe da dariya. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya raka kowa har bakin titi yana godiya.

Washegari na buɗe na tarar an ja layi a kan maganar kowa. An kulle asusun Baba, an kulle nawa, an kulle na duk wanda ya zo. Aka goge Hoshin Inna Kulu. A shafin da ke ɗauke da sunan Baba da na mahaifinsa kuwa aka liƙa wani jan akwati da ke cewa an tabbatar mai wannan asusu mutum ɗaya ne da ya buɗe sunaye da yawa don ya yaudari jama'a. Usman ya ce kada a gaya masa. Amma Baba ya buɗe wayarsa ya ga abin da ya saba nunawa babu shi, ya sa aka kira ni. Ya ce in karanta masa a hankali, kada in rage komai. Na karanta. Ya ce in sake. Sannan ya tambaye ni, ba da faɗa ba, "Wato Sa'adiyya ni ce? Haruna ni ne?"

Ya bi mutanen ya tattara hoton katin shaidar kowa a cikin fayil. Wata safiya ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis, ya shafa turare, ya ce Usman ya kai shi ya ga babbansu. Usman ya yi ta bayani cewa babu ofis, babu babba, mutane ne a garuruwa daban-daban kowa a ɗakinsa. Da farko Baba ya ɗauka ɗansa ƙyuya yake yi. Da ya gane da gaske ne, sai ya zauna a kujerar bakin ƙofa da fayil a cinya da takalmi a ƙafa, har aka kira azahar. Umma ta ce ranar ta fara ganin tsufa a fuskarsa.

Akwai wurin ɗaukaka ƙara, mun bi. Aka mayar mana da amsa cewa mai asusun bai nuna ya gane laifinsa ba. Ana nan wata baiwar Allah 'yar Damagaram, wadda ta daɗe tana rubutu a kundin, ta ga abin ta nemo ni. Ba zan manta alherinta ba, don ita kaɗai ta yi mana magana kamar mutane. Ta ce in duba ta wajensu: intanet ɗin gida ɗaya, kwamfuta ɗaya, yammaci ɗaya, kowa ya fara da kalma iri ɗaya, su kuma kullum suna fama da masu buɗe sunayen ƙarya. Ta ce ko da mutanen na gaske ne, an hana kiran dangi da maƙwabta su mara wa mutum baya. Na ce na ji, kuma akwai hankali a ciki, amma a ina aka rubuta wannan inda baƙo zai gani kafin ya afka? An ce mana kowa ya shigo, ba a ce mana al'adar gidan ta saɓa wa ta duk gidan da muka sani ba. Ta ce gaskiya ne, ita ma an kusa korarta a farkon zuwanta. Sannan ta nuna mana gajeriyar hanya: Baba ya amsa cewa asusun duk nasa ne, ya ba da haƙuri, ya jira 'yan watanni, za a buɗe masa a cire akwatin.

Na kai masa maganar ina fata ya karɓa. Usman ma ya roƙe shi, ya ce 'yan layuka ne kawai. Baba ya sa na yi mata godiya, ya yi wa iyayenta addu'a. Sannan ya ce, "Ki gaya mata na shiga gidansu ban san al'adarsu ba, a kan wannan ina ba da haƙuri. Amma in na ce ni ne mutanen nan, na yi ƙaryar da suka ce na yi. Ba zan yi ƙarya don a ce ni mai gaskiya ne ba." Muka rubuta haka kamar yadda ya faɗa. Ƙarar ta zauna a layi ba wanda ya taɓa ta, har aka rufe ta wai ta daɗe.

Daga nan ya canza. Labari ya bazu, kuma in ka buga sunansa a waya jan akwatin ne ke fara fitowa. Wani sa'ansa ya tare shi a ƙofar masallaci da wasa, ya tambaye shi yau da wane suna ya fito. Ba da mugunta ya faɗa ba, Baba ma ya yi dariya, amma ya dawo gida bai ci abinci ba. Abin da ya fi girgiza mu shi ne auren 'yar Amm Haruna. Haruna ya zo da kansa ya ce Baba ne shaidar ɗaurin aure, kamar yadda ya tsaya wa yayyenta duka. Baba ya ce a nemi wanda ba a rubuta komai a kansa ba. Haruna ya yi roƙo, ya yi fushi, ya yi rantsuwa, bai motsa ba. Ya je ɗaurin auren ya zauna a sahun baya.

Ranar na ajiye kunya, karo na farko tun zuwana gidan. Na ce masa su wane ne waɗannan mutanen da za su raba shi da abin da ya yi shekara da shekaru yana yi, ba su san shi ba, ba su taɓa ganin fuskarsa ba, alhali duk wanda ya zauna da shi ya san ko shi wane ne. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Shi ya sa, ya binti. Waɗanda suka san ni tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Rubutu shi ke zama." Na so in musa, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ganin takarda ta rinjayi mai ita a ofis, ba ni zan koya masa wannan ba. Na ɗauki kwamfutata na fita ina hawaye.

Ba zan ce wannan ne ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma likita ya daɗe yana maganar zuciyarsa. Amma na san abin da yake kwana da shi yake tashi da shi a watanninsa na ƙarshe, kuma na san bai sake tsaya wa kowa shaida ba har ya koma ga Allah. A kwanakin zaman makoki mutane sun zo daga Makka da Madina, har da tsofaffin ma'aikatan ofisoshin da ya yi ta gaisarwa. Babu wanda ya fita bai yi masa kyakkyawar shaida ba. Ina zaune cikin mata ina ji, zuciyata tana ƙuna, don na san duk wannan ba zai isa wurin da abin yake ba.

Bayan an watse na rubuta musu. Na sanar da su mai asusun ya rasu, na roƙi a cire akwatin ko don 'ya'yansa da jikokinsa da ke ɗauke da sunan. Wannan karon an amsa da wuri, kuma da ladabi, har da ta'aziyya. Aka ce mai asusu ne kaɗai ke da ikon neman a sake duba hukuncinsa, wani ba ya nema masa. Abin da za su iya shi ne su ƙara layi a ƙasa cewa ya rasu, su rufe asusun gaba ɗaya don kada wani ya shiga da sunansa. Sun yi hakan. Yanzu in ka buɗe shafin abu biyu za ka gani game da Amm Bakur: a sama an ce ya yaudari jama'a, a ƙasa an ce ya rasu.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai masu rubutu a kundin, wataƙila har da masu riƙe da makullansa. Ba zaginku nake yi ba, aikin sa kai kuke yi, kuma na ji irin ɓarnar da kuke tarewa. Amma kafin ku liƙa wa baƙo sunan mayaudari, babu abin da zai ragu a jikinku in kun tambaye shi ko shi wane ne. 'Yar Damagaram ta ce za ta kai maganar gaban taronsu, ta kuma ce kada in sa rai da yawa. Asusuna ni ma a kulle yake, ba ni da bakin magana a can, shi ya sa na yi ta a nan.

Umma tana cikin takaba. Ba ta karatu, ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, kuma lokacin da Baba ke da rai ita ce ke ce masa ya rabu da mutanen cikin waya. Yanzu duk sanda na je ba ta bari in gama cire takalmi. Takan kama hannuna ta ja ni gefe inda Amira ba za ta ji ba, ta ce, "An goge?" In ce tukuna, Umma. Sai ta gyaɗa kai ta koma kan dardumarta.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yi masa rahama, Ya yalwata masa kabarinsa Ya haskaka shi. Allah Ya karɓi shaidar da bayinSa suka yi masa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sada shi da magabatansa a Aljanna Firdausi. Allah Ya ba Usman da Amira da sauran 'ya'yansa haƙurin rashi, Ya raya jikokinsa a kan gaskiyar da ya tsaya a kai. Allah Ya saka da alheri ga duk wanda ya hau benen nan don ya faɗi abin da ya gani. Allah Ya sanyaya zuciyar Umma, Ya ba ta ikon cinye wannan jarrabawa. Ni kuma Ya ba ni abin da zan faɗa mata gobe in na je, don na san za ta sake tambaya.